Katin Baftismar Caroline

Najma, Doha
9 ga Nuwamba, 2024

Yaya Hannatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da abokan aikinki na ɗakin shan magani a Bukuru. Yaya gwiwar nan taki? Ni lafiyata ƙalau, sai duti da ya yi mana yawa. An rage nas biyu a sashen masu ciwon zuciya, ba a kawo kowa ba.

Tunda kin daina ɗaukar wayata, na ce bari in koma takarda irin ta zamanin makaranta. Malachi, mai gyaran na'urori a asibitinmu, zai zo hutu Jos, shi zai ba ki hannu da hannu. Dama maganar ba ta waya ba ce.

Har yanzu ina buga golf. Ki yi dariyarki, na san kina cewa wasan matan da ba su da abin yi ne. Amma Baba ya yi shekara talatin yana yankan ciyawar filin golf na Jos, bai taɓa ɗaga sanda ba sai masu filin sun watse, a nan ya koya mini. Yau 'yarsa ce likitoci ke roƙo ta shiga rukuninsu. Duk ranar da ba ni da dutin safe, jirgin Metro na farko nake hawa da jakar sanduna, masu gadin nan 'yan Kano suna tsokanata wai Anti ta tafi farauta. A gasar kulob ta 13 ga Afrilu na zo ta biyu. Wata yarinya 'yar ashirin da shida ce ta wuce ni da bugu biyu kacal, ita ma don bayanta bai san ɗaga majinyaci ba ne.

Ga abin da nake so. A watan Maris za a yi gasar manyan mata waɗanda ba sana'arsu ba ce, 'yan shekara hamsin zuwa sama, daga duk ƙasashen yankin nan. Na ga sunayensu, Yaya. Babu wadda zan ji wa tsoro. Sai dai fasfona ya ce shekarata arba'in da huɗu, ni da ke kuwa mun san hamsin da biyu ce. In na jira takarda ta kai hamsin, kafaɗata ta gama aiki.

Sakatariyar gasar wata tsohuwar Baturiya ce mai kirki. Na ce mata kuskure aka yi a fasfo. Ta ce in kawo katin baftisma na coci, za ta duba ta jefa a durowa, shi ke nan. Katin yana cikin akwatin ƙarfen Mama. Ki ba Malachi kafin ya dawo.

Ƙanwarki,
Caroline

Najma, Doha
14 ga Disamba, 2024

Yaya Hannatu,

Ina gaisuwa, da fatan gida lafiya. Malachi ya dawo ba kati ba amsa. Ya ce kin karanta wasiƙar a tsaye, kin ninke ta, kin tambaye shi ko zai ci gwate. Me ke nan?

Ana rufe rajista ƙarshen Fabrairu. Ba na son in yi ta bin ki kamar mai neman aiki. Buɗe akwati ne fa, ba haƙa rijiya ba. In makullin ya ɓata ki fasa kwaɗon. Juliet ta sashen haihuwa ce za ta kawo miki wannan, tana nan har bayan Kirsimeti.

Caroline

Bukuru
5 ga Janairu, 2025

Caroline,

Na gode da gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, ta saba da ni na saba da ita.

Kafin komai, ki daina ce mini Yaya a takarda. Babu ejan mai kai ma'aikata waje a nan, babu Balarabe mai duba fayil. An haife ki a Fabrairu, an haife ni a Yuni, shekara ɗaya. Kina wata bakwai mahaifiyarki ta rasu, Mama ta karɓe ki daga hannun ɗan'uwanta, ta raba nononta tsakanina da ke. Na zama yayarki ne ranar da ejan Kaduna ya ce ba a ɗaukar nas da ta wuce talatin da biyar, mu kuwa muna arba'in da ɗaya. Aka ce takardar rantsuwar shekaru sai babba a gida ne zai rantse wa ƙarami. Mama ta ce ba za ta taɓa Littafi Mai Tsarki a kan ƙarya ba. Ni na taɓa. Na tsaya a kotu na ce ina 'yar shekara takwas aka haife ki, har na ce na tuna ranar. Kika ce in kin zauna za ki jawo ni. Daga baya kika gane wadda ta rantse ta girme ki da shekara takwas ba ta da sauran hanyar rage nata. Ni ban gane ba sai da na koma wurin ejan ya yi mini dariya.

Wannan tsohuwar magana ce, na haɗiye ta. Abin da ya hana ni ba ki amsa shi ne layi ɗaya a wasiƙarki ta farko.

Kin ce ranar 13 ga Afrilu kin zo ta biyu. Na koma na duba takardar jana'iza, ko ni ce tsufa ya fara taɓawa. Ranar Asabar, 13 ga Afrilu, muka binne Mama. Kin kira ni a makon kina kuka, kin ce kin durƙusa wa shugabar nas-nas ta hana ki hutu, har kika ce ranar kina dutin awa goma sha biyu. Na tsaya gaban Zumuntar Mata na kare ki. Na ce ba ku san aikin ƙasar Larabawa ba, mutum ba shi da ikon kansa. Wayarki da na daina ɗauka, ba fushi ba ne a lokacin, muryarki ce take tuna mini da ita. Ashe muna zuba ƙasa kina lissafin bugu biyu.

Ban ce ki yi bayani ba. Na san kin iya.

Na buɗe akwatin. Katin yana nan cikin leda tare da nawa, rubutun tsohon fasto bai goge ba. Ina tunanin inda ya kamata in aika shi. Juliet ta ce jakarta ba ta ɗaukar takardun shaidar mutane, ni kuma adireshin asibitinku kaɗai nake da shi a rubuce.

Hannatu

Najma, Doha
19 ga Janairu, 2025

Hannatu,

Ina fata kina lafiya, tunda har kina da ƙarfin yi mini barazana.

Adireshin asibitinmu, ko? Na gane. Ki aika. Ki rubuta sunan shugaban ma'aikata a bayan ambulan don kada ya ɓata. Sai ki tuna sa hannun wa ke ƙasan takardar rantsuwar, ke da kike shugabar Zumuntar Mata guda.

Tunda gaskiya kike so, ga ta. An ba ni hutun. Kwana biyar. Na riƙe takardar a hannuna na ce ba na so. Mama ta riga ta tafi, zuwana ba zai tashe ta ba. In zo in yi me? In zauna a tabarma kwana biyar mata suna leƙa jakata, suna tambayar ina miji, ke kina kai da kawo da fuskar wadda ta fi kowa wahala? Na zaɓi filin da babu mai tambayata komai. A ramin farko na yi kukana ni kaɗai, na share, na buga. Ban yi nadama ba.

Kuma ki daina ɗora mini zamanki a Bukuru. Ko da na turo miki biza ba za ki yi wata uku a nan ba. Ke ba kya son tafiya, son a ce an hana ki tafiya kike yi. Shekara goma sha ɗaya kina tauna rantsuwa guda kamar goro. Tun muna yara haka kike, in aka ba ni abu sai ki ƙi cin naki don a ga an cuce ki.

Kin san me nake yi a nan? Awa goma sha biyu a tsaye, ina juya ƙattin maza, yara sa'o'in 'ya'yanmu suna kirana da sunana gatsal don takarda ta ce ban girme su sosai ba. Ina rina gashi duk mako uku. Ciwon baya ma ba na iya faɗa, kada a ce ya yi wuri. Wuri ɗaya tak nake so in tsaya da shekaruna na gaskiya a tafa mini, shi ne kika zauna a kai.

In za ki ba da katin ki bayar. In ba za ki bayar ba ki cinye shi.

Caroline

Bukuru
2 ga Fabrairu, 2025

Caroline,

Muna lafiya, na gode da tambaya.

Ba barazana na yi ba. Kin sauya ɗaki a Najma sau biyu ba ki faɗa mini lamba ba, abin da nake nufi ke nan. Amma na gode da kika karanta shi haka, don da ban ji sauran ba. Sau uku na karanta wasiƙarki, ban nuna wa kowa ba.

Ga katin. Alex, mijin Juliet, zai kawo miki. Na sa shi tsakanin kwali biyu don kada ya karye, takardar ta tsufa.

Ki yi atisaye sosai. Kada ki zo ta biyu wannan karon. Ina so ki ci, kuma ina addu'a a kan haka kowace safiya.

Hannatu

Najma, Doha
16 ga Maris, 2025

Hannatu 'yar'uwata,

Ina gaishe ki da murna, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Na ci!

Kwana biyu aka yi ana bugawa. Sai da na yi musayar duti da mutum uku kafin in samu ranakun, yanzu zan yi mako biyu ba hutu, ban damu ba. Ranar farko iska ta taso daga teku, matan nan suka rikice, ƙwallayensu suna faɗawa yashi da ruwa. Ni kuwa na tuna yadda Baba ke cewa in iska ta yi ƙarfi a buga ƙasa-ƙasa, kada a yi faɗa da ita. Na gama ina gaba da bugu ɗaya. Rana ta biyu wata 'yar Koriya da ta zo daga Dubai ta manne mini har rami na goma sha bakwai. Tana da mai koyar da ita, tana da keken ɗaukar jaka mai batir. A rami na ƙarshe ta kuskure bugunta. Ni ban kuskure ba. Wanda ya saba neman jijiya a hannun tsoho mai kumburi, ƙwallo ba za ta ba shi tsoro ba.

Da aka kira sunana aka ce zakarar mata 'yan hamsin zuwa sama, sai na fito na karɓi kofin. Kofin yana da nauyi, a Metro sai da na rungume shi kamar jariri. Masu gadin layinmu suka tare ni, Bello, ɗaya daga cikinsu, yana cewa maza Anti ɗaga shi sama, yau farauta ta yi kyau. Wani likitan sashenmu da ya zo kallo ya yi ta ɗaukar hoto, ya fi ni murna.

Maganganun da na rubuta miki a Janairu, zafin rai ne. Ki bar su. Kin ga dai da kin ba da katin tun farko da ba a kai ga haka ba. Na sayo miki takalmi mai taushi irin na masu ciwon gwiwa, zan ba duk wanda zai fara tahowa.

Addu'arki ta ci.

Caroline

Najma, Doha
6 ga Afrilu, 2025

Yaya Hannatu,

Ina gaisuwa. Ba ni da lafiya, kwana uku ban iya cin abinci ba. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Likitan nan ya aika hotona ga masu buga jaridar ma'aikata ta asibiti. Sun sa a shafin farko, da rubutu a ƙasa cewa nas ɗinmu ta lashe gasar 'yan hamsin zuwa sama. An manna a kowane bene. Ranar Talata aka kira ni ofishin ma'aikata. Matar da ke ofishin ta ajiye jaridar a dama, fayil ɗina a hagu, ta taya ni murna, sannan ta tambaye ni shekarata nawa.

Sun dakatar da ni. Sun ce ko dai na yi wa gasar ƙarya, wannan ba ruwansu, ko na yi wa asibiti da hukumar ba da lasisi ƙarya, wannan kuwa kora ce da soke biza. Asibitin ne kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin bizata, in sun sake ni ba ni da wurin tsayawa. Sun ba ni zuwa 20 ga wata in kawo hujja.

Na samo hanya. Ki koma kotu ki rantse cewa katin na wata yayata ce mai suna Caroline, wadda ta rasu tana jaririya, aka maimaita mini sunanta. Ana yin haka a wurinmu, za su yarda. Ke ce kika yi rantsuwar farko, in wani ya yi ba za ta zauna ba. Ki kai a buga hatimi, ki ɗauki hoto ki turo ta wayar Malachi, asalin ya biyo baya. Kofin zan mayar. Su ce ni 'yar maguɗi ce, su hana ni shiga filin har abada, na yarda.

Yaya, shekarata hamsin da uku. Ban gina ko ɗaki ba a gida, ina cewa da sauran lokaci. Wa zai ɗauke ni aiki a Jos? Na yi miki laifi, na yi wa Mama. Zan zo in durƙusa a kabarinta a gaban duk wanda kike so. Ki taimake ni sau ɗayan nan.

Ina ta kiran wayarki tana shiga.

Ƙanwarki,
Caroline

Bukuru
27 ga Afrilu, 2025

Caroline,

Muna lafiya. An fara ruwa, na shuka masara a bayan gida. Ina fata kin samu kin ci abinci.

Wasiƙarki ta iso ranar 10 ga wata, kada ki zargi wanda ya kawo. Na karanta a ranar. Kotun tana nan inda take, kullum ta gabanta nake wucewa in zan tafi aiki. Ranar 13 muka yi addu'ar cikar Mama shekara ɗaya, mutane sun zo da yawa, wannan karon da aka tambaye ni ke na ce ban sani ba. Na bar wasiƙar a kan tebur har 20 ga wata ta wuce, sannan na nemi biro.

Ba zan ɓoye miki ba, tunda ke ma ba ki ɓoye mini ba. Ranar da na ba Alex katin na san abin da nake yi. Na san in kin shiga za ki ci, don ban taɓa ganin kin sa abu a gaba kin bar wa wani ba. Na kuma san in kin ci ba za ki iya yin shiru ba. Ban aika wa asibitinku komai ba, ban kira kowa ba. Abin da kika roƙa na ba ki, na yi miki addu'ar da na ce zan yi.

Kin ce in rantse Mama ta shayar da jaririyar da ta mutu. Wadda ta shayar tana da rai, na san ta. Na taɓa Littafin sau ɗaya saboda ke, kusan shekara goma sha biyu ina koya wa mata gaskiya da wannan hannun. Makon jiya na faɗa wa Fasto da dattawa abin da na yi, na ajiye shugabancin Zumunta. Kin ga ba ke kaɗai kika rasa kujera ba. Na ɗauka zan ji daɗi da na ji an kore ki. Na ɗan ji, ba yawa.

Malachi ya ce jirginki ranar 9 ga Mayu ne. Ɗakin Mama yana nan, na share, sai dai rufin yana yoyo ta gefen taga. Kin girma a gidan, ba zan hana ki shi ba. Abinci kowa zai dafa nasa. Maganar durƙusawa a kabari ki bar ta, ba ta jiran kowa yanzu.

Kada ki mayar musu da kofin. Ba ki yi maguɗi ba, da shekarunki na gaskiya kika ci shi, ki taho da abinki. Ina so in ɗaga shi in ji nauyinsa.

Ba zan samu zuwa Abuja tarbarki ba, ina dutin safe ranar. Motocin Jos suna lodi har azahar.

Hannatu